Maruru a Jikin Zomon Keji

Babu ɗaya daga cikinmu wanda bai san maruru ba. Wanda bai fito masa a hammata ba, ya fito masa a cinya ko a mazaunai, ya hana shi zama kan benci kwana da kwanaki. Mun kuma san maganinsa tun muna yara a gida. A kan gasa shi da tsumma mai ɗumi har ya nuna, in ya ƙi fashewa don kansa a kira wanzami ya yi sakiya, mugunya ta tsiyaye, mai ciwo ya sami barci a daren nan. Haka a ke yi wa akuya da jaki da saniya, sau da yawa kuwa a kan dace. Saboda haka ran da muka ga kumburi a muƙamuƙin ɗaya daga cikin zomayen da mu ke kiwo bayan lambu, ba mu tsaya neman shawarar kowa ba.

Zomon nan namiji ne, fari, shi ne babba duk cikin kejin. Kumburin ya yi kamar girman goro, a ƙarƙashin muƙamuƙinsa na hagu. Muka riƙe shi, ɗayanmu ya ƙona reza a wuta ya tsaga. Muna jira mugunya ta zubo, sai ba abin da ya fito sai ɗan jini. Da aka matsa da ƙarfi sai wani farin abu ya leƙo, mai kauri sai ka ce cuku, ba ya gudu ko kaɗan. Muka share, muka shafa aidin, muka ce shi ke nan. Kafin kwana 5 bakin ya rufe. Kafin mako 3 kumburi ya komo, har ya fi na da, zomo kuwa ya daina cin harawa. Sa'an nan ne muka sa shi a kwando muka kai wa likitan dabbobi, abin da ya kamata mu yi tun da fari. Abin da ya nuna mana, da wanda muka ƙara bincikawa daga baya, shi mu ke so mu rubuta a nan, domin da yawa daga cikinmu in mun fita za mu tarar da zomaye ko ɓerayen Masar a makarantun da za a tura mu, kuma duk abin da ya same su wurin malami yara za su kawo ƙara.

To, mene ne maruru? Idan ƙwayoyin cuta, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, suka sami ƙofa suka shiga cikin nama, sai jiki ya aiko da dakarunsa, watau fararen ƙwayoyin jini, su far musu. A wurin yaƙin nan ne a ke samun zafi da kumburi. Gawawwakin da suka faɗi, na dakaru da na abokan gaba, tare da naman da ya ruɓe, su ne mugunya. Jiki kuma ya kan gina wata fata mai tauri ya kewaye wurin, kamar yadda a ke kewaye gari da ganuwa, don kada cutar ta bazu cikin jini. A jikin mutum da kare mugunyar nan ta kan narke ta zama ruwa-ruwa, ta yi ta neman hanya har ta fasa fata. Wanzami ƙofa kaɗai ya ke buɗe mata, sauran aikin ita ta ke yi da kanta.

A nan ne zomo ya bambanta. Fararen ƙwayoyin jininsa suna da ƙarancin sinadarin da ke narkar da mataccen nama, saboda haka mugunyarsa ta kan daskare, wani lokaci kamar kindirmon da ya kama sosai, wani lokaci kamar cuku. Ko an tsaga ba ta tsiyayewa. Ganuwar da jikinsa ya ke ginawa kuma kakkaura ce ƙwarai, har ta kan yi rassa ta shiga tsakanin tsoka, ta yi 'yan ɗakuna a ciki waɗanda ba sa haɗe da juna. Ƙwayoyin cutar masu rai galibi a jikin ganuwar nan su ke maƙale. Fatar zomo kuwa tana saurin haɗewa. Wanda ya yi masa sakiya ya fitar da kaɗan daga cikin gawawwaki, ya bar abokan gaba a ɓoye, sa'an nan ƙofa ta rufe a kansu, mai yiwuwa ma da waɗansu sababbi da reza ta shigar. Abin da muka yi ke nan daidai. Har wa yau, jini ba ya kaiwa tsakiyar kumburin, magani kuwa ta cikin jini ya ke tafiya, don haka ko an yi ta ba shi magani ba tare da an taɓa kumburin ba, da wuya ya warke.

Kada mu rikita wannan zomo da zomon dawa, wanda mu ke ji a tatsuniya yana yi wa kura wayo. Wancan a fili ya ke kwana, 'ya'yansa kuma da gashinsu a ke haifarsu, ido buɗe. Na keji asalinsa daga ƙasar Sifen da Fotugal ne, mai haƙa rami ne, 'ya'yansa kuwa tsirara su ke zuwa, makafi. Dabba ce wadda Allah ya halitta don ta yini tana kiwon ciyawa mai tauri, tana tono, tana guje-guje. Mu muka kama ta muka sa a akwati, kuma kusan dukan marurun da ke fito mata daga akwatin nan ne, ko daga abin da mu ke zuba mata a ciki.

Ƙofofin da cuta ta ke shiga suna da dama. Maza biyu in sun balaga a keji guda sai sun yi faɗa, cizon zomo kuwa ɗan ƙarami ne a ido, amma yana da zurfi, gashi ya kan rufe shi, ba a sani ba sai bayan mako biyu an ga kumburi a baya ko a cinya. Akwai bakin waya da ya tashi, akwai ƙusa mai tsatsa. Zomo ba shi da tsoka mai taushi a tafin ƙafa irin ta kare da kyanwa, gashi ne kawai bisa fata, saboda haka in daɓen kejinsa waya ce tsura, ko kuwa kullum a jiƙe ya ke da fitsari, sai gashin ya zube, dunduniya ta yi gyambo, gyambo ya zama maruru. Ciyawar da a ke yanko musu ma in akwai ƙarangiya ko ƙaya a ciki ta kan soki dasashi ko kumatu. Akwai kuma wata ƙwayar cuta da ke zaune a hancin zomaye da yawa ba ta yi musu kome ba, sai ran da suka raunana don zafi ko cunkoso ko yunwa, ta tashi ta sa su mura da maruru. Sunanta Pasteurella, an raɗa mata sunan Louis Pasteur, mutumin Faransa, wanda ya yi bincike a kanta cikin kaji a 1880.

Amma babbar ƙofa ita ce haƙori, kuma ita ce mu ba mu taɓa zato ba. Zomo yana da haƙora 28, guda 6 na gaba masu yanka, 22 turame masu niƙa. Dukansu ba sa daina tsiro muddin yana da rai. Na gaba su kan ƙaru wajen inci 4 a shekara. Abin da ke hana su yin tsawo shi ne tauna: ciyawa da harawa da ingirici suna da kaushi, sai ya yi ta gurza su hagu da dama kafin ya haɗiye, haƙoran sama da na ƙasa suna cin juna kamar dutsen niƙa da ɗansa. In aka mai da abincinsa dusa da tsaki da sauran tuwon da aka rage, sai ya ƙoshi da wuri ba tare da ya yi tauna ba. Turame su yi tsawo, su karkace, su yi tsini su dinga yankar harshe da kumatu. Da sun rasa wurin tafiya sama, sai saiwarsu ta dinga nutsewa cikin ƙashin muƙamuƙi. Haƙori ya yi girgiɗi, abinci ya shiga tsakaninsa da dasashi, ƙwayoyin cuta su bi shi har gindi, ƙashi ya fara ruɓewa. Kumburin da mu ke gani a waje reshe ne kawai, gindin yana can cikin ƙashi. In turmin sama ne, kumburin ya kan fito ƙarƙashin ido ko bayansa, har ya turo idon waje. Mun yi ta ba zomon nan namu dusa da ragowar tuwo muna ganin gata mu ke yi masa.

Wani abin da ya sa a ke makara shi ne halin zomo na ɓoye ciwo. Dabbar da shaho da muzuru su ke farauta ba ta nuna rauni, don wadda ta nuna ita a ke fara ɗauka. Ba ya kuka, ba ya ɗingishi sai abin ya ci tura. Saboda haka mai kiwo da hannu ya kamata ya duba, kada ya dogara ga ido. Ko wane mako a ɗauki ko wane zomo a shafa shi tun daga hanci har wutsiya, a bi ƙarƙashin muƙamuƙi da yatsa ta gefen nan da gefen nan a gwada, a juya ƙafafu a duba dunduniya. Sauran alamu su ne yawu ya jiƙa haɓa, ido guda yana hawaye, ya ɗauki abinci ya yar, ya zaɓi mai taushi ya bar mai tauri, kashinsa ya ƙanƙance ko ya ragu. Wurin ɗauka kuma kada a kama kunnuwa kamar yadda a ke yi a kasuwa. A sa hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a tallafe gindi, ko a naɗe shi da zane. Ƙashinsa marar nauyi ne, ƙafafun baya kuwa masu ƙarfi, in ya yi harbi a sama yana iya karya bayansa da kansa.

Ba ko wane kumburi ne maruru ba, wannan ma dalili ne na barin reza. Zomanya ta kan yi tattarar fata mai taushi a ƙarƙashin haɓa in ta girma, wannan halitta ce. Akwai ƙari, akwai jini da ya taru bayan buguwa, akwai hanji da ya turo ta ɓular ciki, wanda in aka tsaga shi an kashe dabbar. Akwai kuma wani ƙuda a ƙasashenmu wanda ke yin ƙwai a ƙasa mai laimar fitsari ko a tsumma, tsutsarsa ta huda fata ta zauna ciki wajen kwana 10 tana girma. Shi ne mai kama 'yan kwikwiyo, har da mutane in an shanya tufafi a ƙasa. Kumburinsa yana da 'yar ƙofa a tsakiya wadda tsutsar ta ke numfashi ta ciki, in an lura a kan ga tana motsi. Wannan mai sauƙi ne: a toshe ƙofar da man basilin, tsutsa ta leƙo neman iska, a matso ta a hankali kada ta fashe, a wanke ramin.

Mutane su kan ji nauyin kai zomo asibitin dabbobi, su ce wurin shanu da dawaki ne. Gaskiya ne aikin likitan dabbobi a ƙasarmu saboda shanu aka fara shi, ɗakin binciken da aka kafa a Vom a 1924 ma yaƙi da bushiya ne babban aikinsa na fari. Amma ilmin ya faɗaɗa, likitocin yanzu ana koya musu har da ƙananan dabbobi. Mu kuma mun ji tun muna makarantar allo labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuwa sake ta ta nema da kanta ba. Wanda ya rufe dabba a keji ya hana ta ko wace dabara tata, abin da ya same ta a ciki yana wuyansa.

Ga yadda likita ya ke yi. Da fari ya kan auna nauyin zomon, domin da nauyi a ke ƙididdige magani, kuskure kaɗan kuwa a jikin dabbar da ba ta wuce kilo 2 ba babba ne. Ya latsa kumburin ya ji ko yana motsi ƙarƙashin fata ko ya manne da ƙashi. Ya leƙa baki da 'yar fitila, ko da ya ke bakin zomo ƙunci gare shi, ba a ganin turame sosai sai an sa shi barci. In kumburin a kai ya ke, kuma akwai na'ura, sai ya ɗauki hoton ƙashi don ya ga ko wane haƙori ne ya ɓaci, da iyakar inda ruɓa ta kai. Wani abin mamaki, ba a hana zomo abinci kafin a yi masa aiki kamar yadda a ke hana mutum da kare. Su ana tsoron su yi amai cikin barci ne, zomo kuwa ba ya iya amai, yunwa ce ma ke yi masa lahani.

Aikin da ya fi kyau shi ne a cire marurun ɗungum, da mugunyarsa da ganuwarsa, ba tare da an fasa shi ba, kamar yadda a ke ɓare ƙwallo daga cikin mangwaro, sa'an nan a ɗinke fata. Wanda cizo ko waya suka jawo, wanda ke yawo ƙarƙashin fata, ya kan ciru haka, kuma galibi ba ya komowa. Wanda ya manne da ƙashi ba ya ciruwa. Shi sai a buɗe shi da faɗi, a yanke abin da zai yanku na ganuwar, a kwashe mugunya da ɗan cokalin ƙarfe, a kankare ruɓaɓɓen ƙashi, a cire haƙorin da ya jawo abin. Sa'an nan likita ya kan ɗinke bakin ramin da fatar da ke kewaye don ya zauna a buɗe, ya dinga cikowa daga ƙasa zuwa sama. Mai kallo zai ce an bar aiki ba a gama ba, alhali kuwa da gangan ne, domin in baki ya riga ƙasa warkewa an koma gidan jiya. Waɗansu likitoci su kan cusa 'yan duwatsu masu ɗauke da magani a cikin ramin su rufe, maganin ya dinga fita kaɗan kaɗan a inda a ke bukatarsa. In da hali kuma a kan aika da guntun ganuwar ɗakin bincike, a shuka ƙwayoyin cutar a gane irinsu da maganin da ke kashe su. Ganuwa a ke aikawa, don tsakiyar mugunya sau da yawa ba mai rai a ciki.

Yanzu mun zo kan abin da ya fi kome hatsari, muna roƙon mai karatu ya riƙe shi ko da ya manta sauran. Tun da Alexander Fleming ya gano fenisilin a Landan a 1928, aka kuma fara amfani da shi a asibitoci cikin shekarun 1940, magungunan kashe ƙwayoyin cuta sun ceci mutane da dabbobi ba iyaka. Yau sun cika kemis, har ya zama al'ada in kaza ko akuya ta yi sanyi a sayo kafso a fasa a zuba mata a ruwa. Zomo da ɓeran Masar ba a yi musu haka. A cikin hanjinsu akwai wata babbar jaka cike da ƙwayoyi masu amfani, su ke narkar musu da ciyawa, in babu su ba sa iya rayuwa. Waɗansu magunguna in an ba su ta baki, kamar fenisilin da ampisilin da amoksisilin da eritromaisin da linkomaisin da kilindamaisin, sai su kashe masu amfanin nan su bar wata muguwar ƙwaya mai jurewa. Ita kuwa da ta ga fili sai ta yaɗu ta zuba dafi. Zomo ya kama zawo, cikinsa ya kumbura, cikin 'yan kwanaki ya mutu, mai shi yana cewa maruru ne ya kashe shi. Likita ya kan yi wa zomo allurar fenisilin ƙarƙashin fata, gwargwado, tun da ba ta hanji ta bi ba, ta kuwa kan yi amfani ƙwarai a kan marurun muƙamuƙi. Amma ɓeran Masar ko ta allura ba a ba shi. Akwai waɗansu magunguna da ba su da wannan lahani, likita ne ya san su, ya san kuma awonsu. Shan su ba na kwana 3 ba ne, ya kan kai mako 4 ko 6. A kan haɗa da maganin rage zafi, don zomon da bakinsa ke ciwo ba ya cin abinci.

Da an dawo gida sauran aiki na mai kiwo ne, kuma a nan ne mafi yawa su ke gajiya. A ware marar lafiya a keji nasa shi kaɗai, mai tsabta, a inuwa, a shimfiɗa masa busasshiyar ciyawa. Ranar da aka yi masa aiki a rufa masa tsumma in hunturu ne, domin ƙaramar dabba tana saurin yin sanyi bayan maganin barci. Safe da yamma a wanke ramin. A tafasa ruwa rabin lita, a zuba gishiri ƙaramin cokali guda, a bari ya huce, a zuƙa da sirinji marar allura a fesa cikin ramin har ruwa ya dinga fitowa garau. In ɓawo ya fara rufe baki a jiƙa shi a ɓamɓare a hankali. Aikin mutum biyu ne, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya wanke. Bayan wanki likitanmu ya ce mu ɗiga zuma a ciki. Mun yi murna da jin haka, don mun san an ambaci zuma da waraka a Suratun Nahli, likitoci kuma sun tabbatar tana tsotse ruwan jikin ƙwayoyin cuta, tana kuma sa miki ya yi nama. Ko zomo ya lasa kaɗan ba kome. Sai dai a nemi ta gaskiya, ban da wadda aka dafa da sukari, kuma a sani ita taimako ce bayan an buɗe an kwashe, shafa ta a bisa kumburi rufaffe ba ya yin kome. Zuma da miki duka suna kiran ƙuda da tururuwa, don haka a rufe keji da gidan sauro, a sa ƙafafunsa cikin gwangwanaye da ruwa. In ƙuda ya sami yin ƙwai a mikin, kwana guda ya isa tsutsa ta fara cin nama. Mai wanki ya wanke hannunsa da sabulu kafin ya fara da bayan ya gama, ya ƙone audugar, gama waɗansu ƙwayoyin nan suna kama mutum.

Sai a sa ido kan cinsa da kashinsa. Hanjin zomo ba ya son tsayawa, in ya yi awa 12 bai ci kome ba, ko ba a ga kashi a keji ba, a koma wurin likita a ranar. Kafin nan a daka ɗanyen ganye irin wanda ya saba ci, a dama da ruwa, a ɗura masa kaɗan kaɗan ta gefen baki da sirinji, yana zaune bisa ƙafafunsa, kada a kwantar da shi rigingine ya shaƙe.

Ɓeran Masar, wanda asalinsa daga duwatsun Amurka ta Kudu ne ko da ya ke mun laƙaba wa Masar, haƙoransa 20 ne, su ma ba sa daina tsiro. Nasa marurun ya fi fitowa a kaluluwar wuya, in ciyawa mai kaifi ta soki bakinsa. Irin wannan yana yaɗuwa daga ɗaya zuwa ɗaya in ya fashe a keji, saboda haka a ware shi da wuri, cirewa ɗungum kuma ita ce magani. Shi kamar mutum ya ke, jikinsa ba ya yin bitamin C, sai ya samu daga ɗanyen ganye kullum, in ya rasa mikinsa ba ya warkewa. Tsuntsayen keji ma, aku da kanari da tattabara, mugunyarsu daskararriya ce, ta kan taru a tafin ƙafa ko kusa da ido, ita ma sai an buɗe an kwashe.

Ba za mu ɓoye ba, akwai wanda ba ya warkewa. In ruɓa ta cinye muƙamuƙi, ko maruru ya fito a huhu ko cikin ciki, likita ya kan faɗa wa mai shi gaskiya. Wani zomo ya kan zauna da kumburinsa watanni yana ci yana sha, in ana kwashe masa lokaci lokaci ana ba shi maganin zafi. Wanda ya daina ci, ya rame, ya takure a lungu yana cizon haƙora, barinsa haka zalunci ne, gara a hutar da shi. In na yara ne a gaya musu dalili a fili, kada a ce musu ya gudu. Wanda aka yi wa allura ko ya sha magani kuwa ba a cin namansa sai kwanakin da likita ya faɗa sun cika, wanda aka tarar da mugunya a cikinsa kuma a binne shi.

Namu dai an tarar turmi guda ne na ƙasa ya ruɓe tun daga saiwa. Aka cire shi, aka bar rami wanda kan ɗan yatsa ke shiga. Muka raba kwanaki tsakaninmu, biyu biyu, bayan sallar asuba da bayan la'asar, muka yi mako 5 muna wanki kafin ramin ya cike. Ya bar tabo, gashin wurin ya fito a karkace. Tun da haƙorin sama ya rasa abokin gurza, mu kan kai shi a duba bayan wata biyu biyu, in ya yi tsini a goge. Mun raba mazan ko wane da ɗakinsa, mun shimfiɗa katako a rabin daɓen waya, mun lanƙwashe bakunan da suka tashi. Dusa kuwa tafi guda a ke ba ko wane da yamma, sauran yini harawar gyaɗa ce da ciyawa, wadda a ke tsince ƙarangiya daga ciki kafin a zuba.